Nura, Dakata Kafin Ka Sayi Na'urar Nan

Nura ɗana,

 Saƙonka ya iso. Na kalli bidiyon da ka turo, na kuma karanta shafin kamfanin har ƙasa, har da ƙananan rubutun nan da suke ajiyewa can gindi inda ba kowa ke kai ido ba. Ka ce albarka kawai kake so in sa maka, domin ka riga ka yanke shawara: na'ura biyu ta motsa jijiyar wuya, ɗaya taka, ɗaya ka aika wa mahaifiyarka Hajiya a Katsina, kowace dala 500, kuma a faɗarka kusan kyauta ce tunda da katin asusun lafiya za ka biya kafin shekara ta ƙare. Albarka kam kullum kana cikinta. Amma wanda ya turo wa kawunsa da ya tsufa a bayan kantar magani irin wannan abu, ya san ba shiru zai ji ba. Ka yi haƙuri ka saurara.

Zan zo kan kuɗin. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne wani layi da ka jefa a tsakiyar saƙon kamar ba komai ba, wai tun kafin azumi ba ka barcin kirki, gabanka na yawan faɗuwa, wani lokaci kana zaune ba gudu ba aiki sai zuciyarka ta kama dukan uku-uku. Azumi a watan Maris aka yi shi, yanzu ga mu a Disamba. Duk tsawon wannan lokaci kana da inshora, kana zaune a Houston inda asibitoci suka yi wa gari yawa, amma ba ka taka ƙafa ka je wani likita ya ɗora maka abin sauraro a ƙirji ba. Sai da wani saurayi mai farar riga ya fito a wayarka yana murmushi, sannan ka gano sunan ciwonka da maganinsa a dare ɗaya. Wannan bai yi kama da kai ba, Nura. Kai da ba ka sayen tayar mota sai ka zagaya shaguna ka kwatanta.

Kada ka ɗauka ina cewa zancen jijiyar ƙarya ne. Jijiyar bagus tana nan, kuma babba ce. Cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa ita ce ta goma. Tana tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta gangaro ta wuya dama da hagu kusa da babbar hanyar jinin da ke kai wa kai, ta ratsa ƙirji ta ba zuciya da huhu rassa, ta wuce har ciki da hanji. Ita ke rage wa zuciya gudu, da ita maƙogwaro ke fitar da murya, da ita tumbi ke motsa abinci. Kuma mafi yawan zaren da ke cikinta, kusan kashi 80 cikin ɗari, labarin jiki suke kai wa ƙwaƙwalwa, kaɗan ne ke sauko da umarni. Tana da wani ɗan reshe a kunne, shi ya sa za ka ga wani da zarar ya sa tsinken auduga yana sosa kunne sai tari ya turnuƙe shi. Masu na'urar da ake maƙalawa a kunne wannan reshen suke nema.

Tun muna makaranta ake karanta mana aikin Otto Loewi. A 1921, a birnin Graz na Ostiriya, ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu ya ajiye kowace cikin ruwan gishiri. Ya taɓa jijiyar bagus ta ɗaya da lantarki, bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyun, wadda bai taɓa ta da komai ba, ita ma ta lafa. Da haka aka tabbatar cewa jijiya da sinadari take isar da saƙonta, kuma a kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale. Na kawo maka wannan ne don ka san ilimin tsoho ne kuma ingantacce. Masu talla ba su ƙirƙiro shi ba, sun same shi ne a shimfiɗe suka hau.

Na'urar farko da hukuma ta amince da ita a kan wannan ilimi ta tiyata ce. An dasa wa mutum na farko a 1988. Kamfanin da ya ƙera ta, Cyberonics, a nan garinku Houston yake, kafin ya haɗe da wani kamfanin Italiya a 2015 su koma LivaNova. Likita kan tsaga fatar ƙirji ya ajiye ɗan ƙaramin batir, ya ja siririyar waya ta ƙarƙashin fata zuwa wuya, ya naɗe ta a jikin jijiyar ta ɓangaren hagu. Hagu ake zaɓa domin ta dama ta fi riƙe da wurin da ke tsara bugun zuciya, ba a son a taɓa nan. Sannan a saita ta, yawanci ta yi aiki daƙiƙa 30 ta huta minti biyar, dare da rana, shekara da shekaru. A 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani. A 2005 aka ƙara da masu tsananin ciwon damuwa, amma manya kawai, waɗanda aka gwada musu hanyoyin magani aƙalla huɗu ba a dace ba. A 2021 aka amince da wata mai suna Vivistim don taimaka wa wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ya dawo da amfani da hannunsa, ita ma sai an haɗa da atisayen gashi. A 2025 an amince da wata don amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa.

To, ka lura da abu biyu. Kowace daga cikinsu an ɗaure ta ne da ciwo guda mai suna, wanda likita ya tabbatar, bayan sauran hanyoyi sun gaza. Kuma ko wadda aka naɗe a jikin jijiyar kanta, take aiki ba dare ba rana, ba ta yin abin al'ajabi. A masu farfaɗiya, wajen rabinsu ne ke samun faɗuwar ta ragu da rabi bayan an ɗau lokaci, waɗanda ke rabuwa da ita ɗungurungum kaɗan ne, kuma ba a ajiye ƙwayoyin magani. Tana kawo dishewar murya da tari duk lokacin da ta kunnu. A ɓangaren ciwon damuwa kuwa, shirin Medicare ya ƙi biyan kuɗinta a 2007, sai a 2019 ya yarda ya biya wa waɗanda suka shiga wani babban gwaji. Da sakamakon gwajin ya fito a ƙarshen 2024, bai kai ga babban ma'aunin da aka gindaya masa tun farko ba, ko da yake an ga sauƙi a wasu ma'aunai na biyu. Wannan fa ita ce mai tiyata, mai shekaru sama da talatin ana bincike a kanta. Ina ga wadda za ka ɗora a kan fata minti kaɗan kafin ka kwanta?

Cikin waɗanda ba sa bukatar tiyata akwai wadda hukuma ta duba, ba zan ɓoye maka ba. Sunanta gammaCore, ana dafa ta a gefen wuya. A 2017 aka ba ta izini don wani mugun ciwon kai da ke zuwa a jere yana huda gefen ido, a 2018 aka ƙara da ciwon kai na ɓari guda. Da takardar likita ake samunta. Na taɓa ganin wanda ta yi wa amfani, na kuma ga wanda ya ce bai ji komai ba ban da jan leɓe.

Wadda ka turo mini ba ta cikin wannan layi. Tun 2016 hukumar ta fitar da wata ƙa'ida cewa kayan da ba su da haɗari sosai, waɗanda abin da suke iƙirari bai wuce walwala, natsuwa, hutu da jin daɗin barci ba, ba za ta tsaya bin diddiginsu ba muddin ba su ce suna maganin wata cuta ba. Ta wannan ƙofa yawancin na'urorin da ke yawo a Instagram da TikTok suka shigo kasuwa. Idan kuma ka ga an rubuta cewa kamfani yana da rajista da hukumar, abin da ake nufi shi ne ya shigar da sunansa da adireshinsa ya biya kuɗin shekara. Babu wanda ya gwada kayansa a kan haka. Binciken da suke nunawa kuma, galibi mutane 'yan kaɗan ne na 'yan makonni, sau da yawa da kuɗin kamfanin aka yi. Akwai ma wata matsala da masu binciken kansu ke kuka da ita: wanda aka sa wa na'urar gaske yana jin tsikarinta a fata, saboda haka da wuya a ɓoye masa ko ta gaske aka ba shi ko ta bogi, kuma mutum idan ya sa rai, ya zauna shiru minti goma ya ajiye waya, dole ya ji wani sauƙi. Ban ce ba ta yin komai ba. Mai yiwuwa wata rana a tabbatar da wani amfaninta. Yau dai ba a kai nan ba, kuma kai za ka biya kuɗin jiran.

Yanzu koma ka buɗe shafin nasu, ka gangara ƙasa. Za ka tarar sun rubuta cewa wannan kaya ba a yi shi don gano wata cuta, ko magance ta, ko warkar da ita, ko hana ta ba. Ka riƙe wannan. Sai ka hau sama inda suka manna tambari mai launi cewa ana iya biya da asusun lafiya. Dokar harajin Amurka, sashe na 213, ta fayyace abin da ake kira kashe kuɗi a kan lafiya: abin da aka biya don gano cuta, warkar da ita, sassauta ta, magance ta, ko hana ta. Hukumar haraji, IRS, ta ƙara bayani a ɗan littafinta mai lamba 502 cewa abin da amfaninsa bai wuce kyautata lafiyar jiki gaba ɗaya ba, ba ya ciki. Ka ga baki biyu ke nan a shafi ɗaya. Ga hukumar magunguna sun ce ba ma maganin komai, kada a bincike mu. Gare ka kuma sun ce magani ne, kawo katinka. Idan rana ta ɓaci ba su za a tambaya ba, sunanka ne a kan takardar haraji.

Na san abin da za ka ce: ai suna ba da wasiƙar likita. Na ga wurin. Ka amsa 'yan tambayoyi a waya, ka danna cewa kana fama da gajiya da rashin barci, kafin ka gama shan shayi wasiƙa ta shigo da sa hannun wani da bai taɓa ganin fuskarka ba. A watan Maris na 2024 hukumar haraji ta fito fili ta yi gargaɗi a kan wannan sana'a. Ta ce wasu kamfanoni na yaudarar mutane, kuma takardar likita da aka gina kawai a kan abin da mutum ya faɗa da bakinsa ba ta mayar da kayan jin daɗi su zama magani. Wasiƙar da ke da nauyi ita ce ta likitan da ya duba ka, ya rubuta sunan ciwon, ya ce wannan na'ura na cikin abin da zai yi maka magani da shi, na tsawon lokaci kaza. Kuma ko ba don tsoron hukuma ba, Nura, mu ba a haka aka tashe mu ba. Ka danna akwatin da ka san an tsara shi ne don ya fitar da amsar da ake so, ka karɓi takarda ka ajiye a matsayin shaida. Idan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana raye, da wane baki za ka yi masa bayanin wannan?

Sai zancen gaggawar ƙarshen shekara, wanda ya nuna mini ba ka ma zauna ka san irin asusun da ke hannunka ba. Iri biyu ne, kuma mutane da yawa na cakuɗa su. Akwai FSA, wanda ke hannun ma'aikatar da kake wa aiki. A 2025 iyakar abin da ake zubawa a ciki dala 3,300 ce, kuma shi ne wanda idan shekara ta ƙare ba ka kashe ba, saura ya koma wa ma'aikata, sai dai idan sun yarda ka tsallaka da abin da a 2025 bai wuce dala 660 ba, ko su ƙara maka wata biyu da rabi. Lokacin da nake aiki, duk Disamba sai kanti ya cika da masu irin wannan asusu suna kwasar bandeji da ma'aunin zafin jiki da man kare rana kamar za a yi yaƙi. Su kam suna da uzuri. Naka ba shi ba ne. Hoton katin da ka turo HSA ne, wanda aka kafa da dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Disambar 2003. Kuɗin ciki naka ne halak malak. Ba ya ƙonewa ranar 31 ga Disamba, ba ya ƙonewa idan ka canza aiki, yana nan har tsufanka. Tallar da ke ƙirga maka kwanaki da jan rubutu ba da kai take ba, amma ta yi nasarar sa ka gudu.

Kuma me ya sa aka ba ka damar buɗe irin wannan asusu tun farko? Saboda inshorar da ka zaɓa mai araha ce a wata-wata, amma ba ta fara biya sai ka kashe kaso mai tsoka daga aljihunka. A dokar 2025, ga mai iyali, wannan kaso ba ya gaza dala 3,300, kuma jimillar abin da zai iya fita daga hannunka a shekara guda na iya kaiwa har dala 16,600. Asusun an yi shi ne don ya tare wannan rami. Rumbu ne, ɗana. Ba a buɗe rumbu da kaka a kwashi hatsi a kai kasuwa don kawai an ce yau ba a karɓar kuɗin shiga, alhali damina na tafe. Taka daminar kuwa ka san watanta. Iyalinka na ɗauke da juna biyu, Allah ya sauke ta lafiya, kuma haihuwa a ƙasar nan ko ta zo da sauƙi sai ta cinye wancan kaso kaf. Dala dubun da kake shirin fitarwa yau, nan da 'yan watanni za ka neme ta ido rufe.

Mu yi lissafin kyautar da kake faɗa. Mu ƙaddara kana matakin harajin tarayya na kashi 22 cikin ɗari. Tunda ta albashi ake cire maka zubin, ka tsira kuma daga kashi 7.65 na fansho da Medicare. Texas ba ta karɓar harajin albashi, saboda haka babu ƙari ta nan. A kan dala 500, abin da ka tsira da shi bai kai dala 150 ba. Sauran dala 350 da ɗoriya guminka ne, daren da ka kwana a tsaye ne. Idan kuma a matakin kashi 12 kake, rangwamen ya fi haka ƙanƙanta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan fa idan komai ya tafi daidai ke nan. Idan aka bincika aka ce sayayyar ba ta cancanta ba, za ka biya harajin da ka kauce wa, a ɗora maka tarar kashi 20 cikin ɗari tunda ba ka kai shekara 65 ba. Da can kashi 10 ce, daga 2011 aka ninka ta. Kada kuma wucewar kati ta ruɗe ka. Bankin da ke riƙe da asusun ba aikinsa ba ne ya tantance abin da ka saya. Kai ne za ka cike fom mai lamba 8889 lokacin haraji ka ce duk abin da ka cira a kan magani ya tafi, kai ne kuma za ka fito da rasit idan aka nema.

Ni yanzu da na shiga Medicare an rufe mini ƙofar zubi, haka dokar take. Amma abin da na bari ya taru a shekarun da nake da ƙarfi, da shi nake gyaran haƙori da canza tabarau, abubuwan da ainihin Medicare ba ta ɗauka. Zancen ɗan kuɗin ruwan da wasu bankuna ke ɗorawa a kan asusun, da inda ya halatta a juya kuɗin, wannan mu bar shi sai mun zauna, magana ce mai tsawo.

Na Hajiya kuwa, a nan ne na ɗan ji haushinka, ko da yake na san ƙauna ce ta sa. Ta fuskar doka babu ma abin tattaunawa. Kuɗin asusun na halatta ne a kanka, da matarka, da waɗanda doka ta ɗauka suna ƙarƙashin kulawarka, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa mutum ya zama ɗan ƙasar Amurka ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Uwa da ke zaune a Katsina ba ta ciki, ko da kai ke ɗauke da cinta da shanta. Wannan dala 500 kai tsaye haraji da tara za ta jawo maka, wajen dala 210 a lissafinmu na ɗazu, ba wata wasiƙa da za ta gyara.

Amma bar ta doka. Ka san Yaya Hajiya kamar yadda na san ta. Shekara nawa ana fama da ita ta riƙa shan maganin hawan jini kullum ba sai ranar da kanta ya yi ciwo ba? Ka aika mata da wani abu mai walƙiya daga Amurka, ka ce yana kwantar da zuciya, wallahi kafin sati ya zagayo ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin gado, ta kuma shiga ara wa maƙwabta. Kuma wa zai duba ta kafin ta ɗora lantarki a wuyanta? Ko waccan mai izinin hukuma, takardarta ta hana mai batirin zuciya ko wata na'urar da aka dasa a jiki, da mai ƙarfe a kusa da wuya, ta kuma ce ba a tabbatar da lafiyarta ga wanda hanyar jinin wuyansa ta ƙuntace ba, ko mai hawan jinin da ya yi tsanani, ko mai juna biyu. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi saboda gidanka. Tsohuwa mai shekara saba'in da hawan jini tana cikin waɗanda ake tsoron hanyar jinin wuyansu. Idan kana son ka yi mata abin da zai amfane ta, ka saya mata ma'aunin hawan jini na dantse daga aljihunka, ka sa ƙanwarka ta riƙa auna ta tana rubutawa a littafi, ka tabbatar maganinta ba ya yankewa, kuma daga kantin da aka amince da shi ake saye. Duka wannan ba zai kai rabin kuɗin na'urar ba.

Mu dawo kanka. Ruwa ba ya tsami banza. Faɗuwar gaba da rashin barci na wata tara suna da dalilai da yawa, kuma mafi yawansu da ɗan jinin da za a ɗiba da awon zuciya na minti biyar ake gano su. Ƙwayar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo idan ta yi aiki fiye da kima tana sa zuciya gudu da rama da rashin barci. Ƙarancin jini na yi. Hawan jini na yi, kuma ka san gadonmu ne ta ɓangaren uwa. Akwai masu minsharin da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci ba su sani ba, su tashi da safe kamar an yi musu duka, wannan iyalinka za ka tambaya. Akwai rikicewar bugun zuciya ita kanta, wadda wani nau'inta ba a wasa da shi. Duk cikin waɗannan babu wanda na'urar wuya za ta gano, balle ta gyara. Abin da za ta iya yi shi ne ta sa ka ji kamar ka ɗauki mataki, ka ƙara wata shida ba ka je asibiti ba.

Sannan ga abin da ba sai an ɗebi jini ba. Kana aikin dare, sati biyu dare sati biyu rana. Da na zo wurinku na ga gwangwanayen abin shan nan mai sa kuzari a ƙasan kujerar motarka, ban yi magana ba saboda a gaban iyalinka ne. Kana shan su don ka iya tsayuwa, ka dawo gida da hantsi jiki na rawa, ka kwanta da waya a hannu kana amsa saƙonnin gida: kuɗin makarantar wane, aikin ginin da ya tsaya, bikin wance. Kowa ya ɗauka kana Amurka kana shara da dala. Ba ka iya cewa babu, ba ka kuma gaya wa kowa cewa ka gaji. Na san wannan kaya, duk wanda ya yi zaman ƙasar nan daga cikinmu ya ɗauke shi. Idan abin ya kai ga damuwar da ke bukatar magani, babu abin kunya a ciki, ba kuma raunin imani ba ne. Likita ne zai faɗa, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara na cikin abin da asusun nan naka ke biya ba tare da wata dabara ba.

Ga wani abin da wataƙila ba ka sani ba. A ƙarƙashin dokar inshorar lafiya ta 2010, duba lafiya na rigakafi, irin awon hawan jini da tambayoyin gano ciwon damuwa, inshora ce ke biya gaba ɗaya ko ba ka taɓa wancan kaso naka ba, muddin likitan na cikin jerin nasu. Idan ka kai ƙorafi aka yi ƙarin gwaje-gwaje, za a iya cajin ka, to a nan ne katin ke da aiki, kuma ba mai tambayar ka dalili. Idan bayan an duba ka likita ya ce ciwon kai na ɓari guda ne ke damun ka, ko wani abin da irin wannan na'ura ke da hujja a kansa, ya rubuta maka ita da hannunsa, ni da kaina zan taya ka zaɓa, in kuma nuna maka yadda ake adana takardun. Idan kuma ya ce lafiyarka ƙalau, kai dai sha'awa ce ta sa kake son gwadawa, to ka saya da kuɗin aljihunka, guda ɗaya, daga wurin da ke karɓar kaya idan an mayar. Ba zan ce maka komai ba.

Kafin nan, abin da aka tabbatar yana rage wa zuciya gudu ta hanyar wannan jijiya kana da shi ba ko sisi. Ka zauna ka ja numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, kamar sau shida a minti. Ruwan sanyi a fuska ma na yi. Bayan sallar asuba ko ta isha'i, maimakon ka zabura ka ɗauki waya, ka zauna a kan dardumar ka yi lazimi a natse minti goma. Ka rage gwangwanayen nan sannu a hankali, kada ka yanke lokaci ɗaya kai zai sara maka, kuma kada ka sha ko ɗaya a rabin ƙarshe na aikin dare. Waɗannan ba su maye gurbin likita ba, na dai faɗa ne don ka samu abin riƙewa kafin ranar ganinsa. Idan kuwa faɗuwar gaban ta zo da ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko jiri ya ɗebe ka kamar za ka suma, babu jiran rana, 911 za ka kira.

Ka cire kayan nan daga kwandon sayayya yau. Gobe da safe ka kira lambar da ke bayan katin inshorarka, ka nemi likitan iyali da ke kusa da ku, ka karɓi rana. Idan ka je ka gaya masa komai, har da aikin dare da abin da kake sha, kada ka rage don kunya. Ban gaya wa Hajiya ba, ba kuma zan gaya mata ba, amma ranar Juma'a bayan an sauko zan kira ka in ji ranar da aka ba ka. Ka gaishe mini da 'yata, ka ce ta riƙa hutawa.

Kawunka.